Zafin Wuhan ya hana ni barci, wata tsohuwa ta danna min wuyan hannu na ji sauƙi, wa ya san wannan abin?

Maman Khairat:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah tambaya gareni musamman waɗanda suka daɗe a Chaina ko masu karatun likita. Wannan ne lokacin zafi na farko da nake yi a Wuhan, tun Satumba muka zo maigida yana karatu. An faɗa min garin nan yana cikin garuruwan da su kansu 'yan ƙasar suke kira tanderu amma ban sa abin a raina ba tunda a Sakkwato na tashi, toh wlh tunda Yuli ya kama na gane zafi kala kala ne. Namu na gida busasshe ne in ka samu inuwa ka watsa ruwa zaka ɗan sarara, nasu kuwa gumi baya bushewa a jiki iskar kanta kamar tururin tukunya dare da rana duk ɗaya. Akwai esi a ɗakin amma ko na kunna barci baya zuwa, ƙirjina yayi ta bugawa, abu kaɗan Khairat zata yi sai in daka mata tsawa daga baya in zauna ina kuka. Shekaranjiya da yamma na sauko da ita wajen wasan yara, wata tsohuwa maƙociyarmu ta kalle ni ta kama hannuna ta dinga danna wani waje a wuyan hannu ta gefen ƙaramin yatsa, sai ta matsa sama kaɗan ta danna tsakiya, kusan minti biyar tana min alama in ja numfashi a hankali. Bana jin yarensu sosai bata jin nawa. A daren ranar nayi barcin da rabona dashi an fi sati biyu. Shin menene wannan, kuma ba matsala in cigaba da yi da kaina?

Ɗan Nanjing:
Wa alaikumus salam Maman Khairat, sannu da zafi, mu ma nan Nanjing kusan haka muke ciki. Abinda tayi miki tausa ce irin ta maganin gargajiyarsu, gurbin da suke soka siraran allurai a jiki in suna magani shi ake dannawa da yatsa maimakon allurar. Na farkon da kika ce gefen ƙaramin yatsa daidai layin da wuyan hannu yake lanƙwashewa sunansa Shenmen, kamar ace ƙofar hankali, shi suke dannawa in mutum ya kasa barci ko hankalinsa ya tashi. Na biyun Neiguan ne, ki ɗora yatsunki uku a kwance daga layin wuyan hannu ta ciki, inda na ukun ya ƙare tsakanin jijiyoyi biyun nan da suke fitowa in kin dunƙule hannu, nan ne. Ba matsala ki dinga yi da kanki, da babban yatsa zaki danna har ki ji ɗan tsami tsami amma kar ya kai ga ciwo, minti ɗaya zuwa biyu kowane hannu, ki yanke farce kafin nan.

Alhaji Mai Yadi:
Shekara goma sha ɗaya ina shiga Guangzhou ina fita, babu lungun Xiaobei da Sanyuanli da ban taka ba, kuma shagunan tausar nan na shige su ba adadi. Gaskiya ɗaya ce, tausa tana da daɗi ga wanda ya gaji amma kar a ce mana danna hannu yana maganin zafi. Su da kansu 'yan Chainan in zafi ya tsananta cikin manyan kantuna da tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa suke tarewa suna shan esi. 'Yata ki sha ruwa ki kunna esinki shine magana.

Maman Khairat:
Baba Alhaji ai esin a kunne yake, ba zafin jikin ne kaɗai ba, zuciyar ce bata kwanciya

Ɗan Nanjing:
Alhaji ai maganarka da tasu bata saɓa ba. Likitocin gargajiyar basu ce dannawa zai sauke maka zafin gari ba, abinda suke nufi dashi shine ƙunci da saurin fushi da rashin barcin da zafi yake kawowa. A tsarinsu kowane lokaci na shekara an haɗa shi da wata gaɓa a jiki, abubuwa biyar suke lissafi dasu itace, wuta, ƙasa, ƙarfe da ruwa, toh lokacin zafi rabon wuta ne kuma gaɓarsa zuciya, sannan a wajensu zuciya ita ce mazaunin hankali ba wai famfon jini kawai ba. In zafin yayi yawa sai su ce wutar zuciya ta tashi, alamominta kuwa sune irin abinda 'yar uwa ta lissafo harda ƙurajen baki da bushewar harshe. Akwai tsohon littafinsu Huangdi Neijing da ya haura shekara 2000, a babin da yayi maganar watanni ukun zafi cewa yayi mutum ya tashi da wuri kuma kar ya bar fushi ya shiga ransa. Har karin magana suke dashi, xin jing ziran liang, wai in zuciya ta kwanta sanyi da kansa yake zuwa. Shi yasa tsohuwar nan da ta ga fuskarki ta nufi layin zuciya kai tsaye, wato ɗaya daga cikin layukan da suke zanawa a jikin mutum waɗanda guraben suke a kansu, Shenmen akan layin zuciya yake, Neiguan kuma akan layin jakar da ta lulluɓe zuciyar.

Abu Sudais:
Toh likita mu dai tambaya ɗaya, waɗannan layukan da kake faɗa an taɓa ganinsu? Kun yanka gawa a makaranta, ka ga layin zuciya da idonka?

Ɗan Nanjing:
Ban gani ba kuma babu wanda ya gani, wannan ba abin ɓoyewa bane. Manyan layukan guda 12 da suke zanawa da abinda suke kira qi wanda suke cewa yana gudana a ciki, ilimin sassan jiki na zamani bai gano su ba, jijiyoyin jini da na laka muke gani. A kwas ɗin maganin gargajiya da aka mana malamarmu bata yi musu akan haka ba. Kuma a gwaje gwaje da yawa in aka danna gurbin gaskiya ga wasu aka danna wani waje daban ga wasu, bambancin baya da yawa, dukansu sai su ce sun ji sauƙi. Inda hujjar tafi ƙarfi shine Neiguan ɗin nan akan tashin zuciya da amai musamman bayan tiyata, har abin ɗaurawa a hannu mai ɗan maɓalli ake sayarwa matafiya a jirgin ruwa, Sea-Band, daidai gurbin yake dannawa. Maganar kwanciyar hankali da barci kuwa hujjar bata kai wannan ba. Ni abinda na fahimta, mutum ya zauna minti biyar ya ajiye waya ya ja numfashi a hankali hankalinsa yana kan waje ɗaya a jikinsa, wannan kaɗai yana rage bugun zuciya, ko layin nan akwai shi ko babu.

Abu Sudais:
Kenan yaudarar kai ce

Ɗan Nanjing:
A'a Malam, barcin da tayi ai na gaske ne. Bayanin da suke bayarwa ne ake ja dashi, kuma ba komai nasu ake zubarwa ba. Maganin zazzaɓin cizon sauron da muke sha a gida yau irin su Coartem, asalin sinadarin artemisinin daga ganyen qinghao aka ciro shi, Tu Youyou ta samo hanyar a tsohon rubutun wani likitansu Ge Hong na ƙarni na 4, an bata kyautar Nobel a 2015. Amma fa sai da aka kai shi ɗakin gwaji aka tace aka gwada akan marasa lafiya kafin duniya ta karɓa. Haka ya kamata a yiwa kowanne, wanda ya tsallake a riƙe wanda bai tsallake ba a san matsayinsa.

Sista Mai Allura:
Ni dai a matsayina na ma'aikaciyar jinya akwai abinda ya tsaya min a rai a maganar Maman Khairat, bugun ƙirji sati biyu. Ƙanwata dan Allah kafin komai ki je asibitin makarantar maigidanki a gwada hawan jini a duba yawan jininki, ƙarancin jini yana sa haka, matsalar thyroid (ƙwayar wuya mai kawo maƙoƙo) tana sa haka, shan shayi da kofi da yawa ma yana sawa. In an duba ba komai sai ki cigaba da dannarki hankali kwance. Sannan ga sauran 'yan group, kar wani ya karanta wannan hira ya ga tsoho ko yaro ya faɗi a rana ya tsaya yana laluben gurbi a hannunsa. In mutum jikinsa yayi zafi rau, ya fara sambatu ko bai gane mutane ko ya suma ko ya fara jijjiga, wannan bugun zafi ne yana kisa cikin ƙanƙanin lokaci, zafin jikin yakan haura digiri 40. A kai shi inuwa a rage masa kaya a jiƙa shi da ruwa ana fifita, a sa tsumma mai sanyi a wuya da hammata da matsematsi, a nufi asibiti ana yi ana tafiya. Wanda bai cikin hayyacinsa kar a ɗura masa ruwa a baki zai shaƙe. Mun ga irin wannan da idonmu a bazarar 2024 da azumi ya faɗo cikin Maris da Afrilu, tsofaffi aka fi kawo mana.

Ɗan Damagaram:
Wallahi Sista kin tuna min, a 2024 ɗin ne aka auna digiri 48.5 a Kayes ta Mali farkon Afrilu. Mu nan in bazara ta kama ga rashin wuta ga tsadar ƙanƙara, mutum ba abinda yake jira sai a taɓa shi ya tashi da faɗa, a kasuwa zaka ga manya suna cacar baki akan dala biyar ta sefa. Toh in akwai abinda mutum zai yi da yatsansa ba ko sisi ya ɗan sauko ni banga laifinsa ba. Likita a ƙaro mana wasu guraben, musamman na ciwon kan rana.

Ɗan Nanjing:
Akwai Yintang, tsakanin gira biyu daidai, ka ɗora ɗan yatsa ka dinga murzawa a hankali ido a rufe, wannan ni kaina shi nafi yi daren jarabawa. Akwai Taiyang gefen goshi inda yake ɗan loɓawa bayan wutsiyar ido, kowa ma yana kama wajen in kansa na ciwo ba sai an koya masa ba. Akwai Fengchi a ƙeya, ramuka biyun nan ƙarƙashin ƙashin kai gefe da gefe, ka sa manyan yatsu biyu ka tura sama kaɗan. Sai Laogong a tafin hannu, dunƙule hannunka inda kan yatsan tsakiya ya sauka nan ne, shi suke cewa yana sauke wutar zuciya. Na ƙarshe Hegu, tsokar dake tsakanin babban yatsa da manuni, sananne ne akan ciwon kai da na haƙori. Gaba ɗaya guraben da Hukumar Lafiya ta Duniya ta daidaita wurarensu a 2008 guda 361 ne amma waɗannan sun ishi mutum a gida. Kuma abin a jininsu yake tun suna yara, a makarantun firamare ana sa musu sauti su rufe ido su dinga danna guraben da suke kewaye da ido, tun shekarun 1960 ake wannan.

Sista Mai Allura:
Ƙari akan ciwon kai, Ɗan Damagaram ku da mu duk a yankin sanƙarau muke kuma lokacinsa kenan daga hunturu zuwa ƙarshen bazara. Ciwon kai da zazzaɓi da wuya ya ƙi lanƙwasuwa ba na danna ƙeya bane, asibiti a ranar.

Ummu Hanan:
Dan Allah mai ciki fa? wata na shida kenan kuma zafin Maiduguri sai addu'a, ga tashin zuciya har yanzu bai barni ba

Ɗan Nanjing:
Anti ki bar Hegu ɗin nan gaba ɗaya, da wani da ake kira Sanyinjiao a ƙafa, yatsu huɗu sama da idon sawu ta ciki, su kansu likitocin gargajiyar suna hana masu ciki waɗannan biyun saboda suna ganin suna motsa mahaifa. Neiguan ana amfani dashi akan laulayi, amma ki faɗawa masu awonki tukunna, in aman yana hana ki riƙe ruwa a ciki a wannan zafin to ƙarin ruwa kike buƙata.

Ummu Hanan:
Nagode Allah ya saka da alheri, jibi ne awon zan tambaye su

Malam Na Tudun Wada:
Na bi hirar tun daga sama. Abinda wasu suka turo min ta gefe shine ko akwai matsala ta addini tunda ana ambaton wani qi da wutar zuciya. Abinda na sani asalin neman magani halal ne, hadisi ya inganta cewa Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta, kuma bamu da sharaɗin sai musulmi ne ya gano maganin. In danna tsoka ne kawai ba kiran wani ba, ba tsafi ba karanta wasu kalmomin da ba'a san ma'anarsu ba, ni banga inda ya bambanta da tausar da iyayenmu mata suke yi ba ko ƙahon wanzamai, su ma 'yan Sin ɗin ai suna yin ƙaho da kofunan gilashi. Inda zan ja hankali shine mutum ya riƙe shi a matsayin sababi, kuma mace ta nemi mace in wani ne zai yi mata. Sannan kar mu manta namu, Annabi SAW ya koyar da wanda fushi ya kama in yana tsaye ya zauna in bai tafi ba ya kwanta, ya nemi tsari daga shaiɗan, ga alwala. Maman Khairat ki haɗa duka, kiyi alwala da ruwa mai sanyi ki zauna ki danna hannunki kina azkar ɗin barci.

Alhaji Mai Yadi:
Malam ya gama magana. Ni ma in za'a bi ta nan ban ƙi ba. Abinda yasa na ɗaga murya tun farko akwai wani yaro abokin cinikina da hawan jini ya kama a Guangzhou, wani shago suka ce masa ya ajiye ƙwayoyinsa zasu warkar dashi da allura da tausa zama goma, ya biya kuɗi masu yawa, a zama na bakwai ya faɗi a otal ɓarin jikinsa ya shanye, da ƙyar muka haɗa kuɗin asibiti da na jirgi muka maido shi gida. Har yau yana jan ƙafa. Tun daga nan in naji ance danna kaza yana maganin kaza sai gabana ya faɗi.

Ɗan Nanjing:
Innalillahi, Allah ya bashi lafiya. Alhaji wannan shagon ba likitoci bane 'yan damfara ne, a asibitocin gargajiya na gwamnati anan zaka ga suna gwada jini suna ɗaukar hoto suna rubuta maganin bature gefe da nasu, ba mai ce maka ka yar da maganin hawan jini. Duk wanda ya ce ka ajiye maganin da likita ya ɗora ka akai saboda tausa ka tashi ka bar masa wajen.

Hajiya Inna:
Ni tsohuwa ce a cikinku bari in faɗi abinda na gani a maganar yarinyar nan. Wata goma kina ƙasar da ba uwa ba 'yar uwa, miji yana makaranta tun safe, ke da ƙaramar yarinya a ɗaki a rufe saboda zafi, ba mai shigo miki da sallama ba wanda zaki ce wa wash. A gida da tuni wata ta karɓi yarinyar kin ɗan miƙe. Yaushe rabon da wata babbar mace ta riƙe hannunki minti biyar? Ni inaga rabin maganin nan hannun tsohuwar ne da kulawar da ta nuna miki. Ki riƙe ta da kyau 'yata, ki dafa abu ki kai mata ko ba yare ai ana gaisawa, ki dinga saukowa da yamma in rana tayi sanyi. Kuma ki kira mahaifiyarki ki faɗa mata gaskiyar halin da kike ciki kar ki ce lafiya lau kawai.

Maman Khairat:
Inna wlh kin sa ni hawaye, haka ne, ko maigidan ban faɗawa rabin abin ba saboda kar in ɗaga masa hankali yana rubuce rubucensa. Zan faɗa masa yau insha Allah. Sista zan je gwajin gobe.

Ɗan Nanjing:
Kuma ki shirya dan yanzu aka shiga kwanakin da suke kira sanfu, mafi zafin shekara, daga tsakiyar Yuli zuwa tsakiyar Agusta ko wajen ƙarshensa, kwana 30 wata shekarar 40. Ki kwaikwaye su a abu ɗaya, barcin rana, zaki ga bayan cin abinci har ofisoshi ana kashe fitila kowa ya kifa kai, a lissafinsu ƙarfe 11 zuwa 1 na rana lokacin zuciya ne. Mu ƙailula muka sani, abu ɗaya ne. In Khairat ta kwanta kema ki kwanta ko minti ashirin ne kar ki tashi wanke wanke.

Maman Khairat:
Salam 'yan uwa na dawo da bayani bayan kwana biyar. Naje asibiti hawan jini babu, amma sun ce jinina yayi ƙasa kaɗan sun bani maganin ƙarin jini sun ce in rage shayi da daddare, Sista Allah ya biya ki da baki faɗa ba da ban je ba. Dannawar ina yi kullum bayan isha'i, Shenmen da tsakanin gira sun fi min, Neiguan ɗin har yanzu ina ɗan laluben wajen. Barcin ba kullum yake zuwa da wuri ba, jiya sai wajen ɗaya, amma tsawar da nake yiwa yarinya ta ragu sosai har babanta ya lura. Inna na soya ƙosai na kaiwa tsohuwar, ita kuma ta aiko jikanta da wani kwano na romon ƙananan koren wake mai ɗan zaƙi da sanyi, ta rubuta min a waya wai yana kashe zafi. Ba nama a ciki ko? ban sha ba tukunna yana firji

Alhaji Mai Yadi:
Sha abinki 'yata, lüdou tang suke ce masa, koren wake ne da ruwa da sukarin dutse kawai, duk gidan Chaina ana dafa shi a wannan lokacin. In zaki yi da kanki ki jiƙa waken awa biyu ki dafa har ya fashe, ki sa sukarin a ƙarshe ya huce ki sa a firji. In zaki mayar da kwanon kar ki mayar dashi haka, ki zuba mata zoɓo in kina da busasshe, in babu ki min magana ta gefe akwai yaron da zai taso daga Kano ranar Laraba sai ya taho miki dashi a aiko miki daga Guangzhou.